Na sayi tsohuwar Delica mai jan ƙafa huɗu, ta ina zan fara?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum, manyanmu. Na sayi tsohuwar ƙaramar bas, Mitsubishi Delica L300, ƙirar 1991, mai injin dizal 4D56, wato 2.5 mai tobo, giyar hannu. Bayan canjin taya da zuba ruwan batir ban iya komai a mota ba, amma ina so wannan karon in riƙa kula da ita da hannuna. Wanda ya sayar mini bai ba ni ko takarda ɗaya ta gyaran da aka yi mata ba. Cewa kawai ya yi lafiya lau take.

Ga abin da na lura da shi. In na ɗauki hawa mai tsawo, allurar zafi tana ɗagawa ta wuce rabi, in na gangaro ta koma. Da na gwada ƙaramin hannun giyar nan na sa shi a 4H, wato jan ƙafa huɗu, a kan kwalta, sitiyari ya yi nauyi a kwana, tayoyi suna ƙugi kamar ana jan su dole, daga baya ma hannun ya ƙi fita sai da kyar. Sannan akwai wani "ƙwas" da nake ji daga ƙasa duk lokacin da na saki totur na sake takawa.

Kayan aikina saitin sifana ne, da filaya, da sukudireba, da jak ɗin da ya zo da motar. Wanne zan fara taɓawa, wanne kuma ya fi ƙarfina?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Yaro, bar zancen ƙwas ɗin nan tukuna, allurar zafin ita ce maganar. Injin 4D56 yana da juriya, shi ne aka sa wa Pajero da L200 shekara da shekaru, amma gangar jikinsa ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam. Ba su buɗewa daidai da juna in zafi ya yi yawa. Ka bar shi ya tafasa sau ɗaya, ko gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone ko kan ya tsage tsakanin bawul da bawul. Ga shi a L300 injin yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, a matse, iska ba ta wadace shi ba.

Da safe, inji da sanyinsa, ka ɗaga kujerar fasinja. Buɗe murfin lagireto ka duba ruwan. In ja ne mai tsatsa, an daɗe ana ɗura masa ruwan banza ba maganin sanyi. Ta da injin a haka, murfi a buɗe, ka zuba ido a bakin. Kumfa ɗaya biyu ba komai ba ne. Amma in ƙwayoyin iska suna tasowa a jere ba tsayawa, hayaƙi ne ke shiga ruwa, gaskit ya tafi. Duba bayan murfin baƙin mai kuma, in ka ga abu fari-fari mai kauri, ruwa ya haɗu da mai. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai yi tsalle ya sale maka fuska.

In duk wannan lafiya, sai fanka. Fankar motar nan tana da kulocinta mai mai a ciki, wanda yake kamawa in zafi ya tashi. Bayan doguwar tafiya ka kashe inji, ka cire makulli, ka juya fankar da hannu. Ya kamata ta yi maka gardama. In ta yi ta juyawa sakaka, kulocin ya mutu, kuma alamarsa ke nan: zafi a hawa, sanyi a gangare. Matsa tiyo na sama da na ƙasa, wanda ya yi laushi ko ya kumbura a bakin kilif, canza shi. Murfin lagireton ma canza shi, robarsa tana gajiya.

Wani zai ce maka ka cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, ka jefar, wai mota ta fi sanyi. Kada ka saurare shi. Sa sabo.

Duk wannan aikinka ne, sifanar da kake da ita ta isa.

Direban Daji:

Baba ya gama magana a kan zafi. Ni zancen 4H ɗin zan taɓa, don hankalinka ya kwanta: motarka ba ta lalace ba, haka ƙirarta take. L300 ba ta da difrenshal na tsakiya, wato abin da ke barin tayoyin gaba da na baya su juya da gudu daban. In ka sa 4H, farfelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, suna ɗaure wuri guda, dole su juya daidai. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. A yashi ko taɓo, taya ɗaya za ta ɗan zame, a rabu lafiya. A busasshiyar kwalta babu mai zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa. Shi ne nauyin sitiyarin da ka ji, shi ne kuma ya riƙe hannun giyar. In aka ci gaba da haka, wani abu zai karye, kuma ba zai zama mai sauƙi ba.

Saboda haka kwalta 2H, wato jan ƙafa biyu. 4H sai ƙasa mai santsi ko mai laushi. 4L kuma, wato ƙafa huɗu mai ƙaramin gudu da ƙarfin ja, sai ka tsaya cak, ka taka kuloci, sannan ka sa. In ya sake riƙewa, ka yi baya kaɗan a miƙe, zai saki. Duba tsakiyar ƙafafun gaba kuma. In akwai abin murɗawa mai rubutun FREE da LOCK, da hannu ake kulle su kafin 4H ya yi aiki. In babu, masu kama kansu ne, su kuma bayan ka koma 2H sai ka yi baya kamar mita biyu kafin su saki.

Abin da mutane ke mantawa: tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinyewarsu ma ta yi kusa. Sannan ka karanta shekarunsu. A gefen taya, bayan rubutun DOT, akwai lamba huɗu. 2314 na nufin mako na 23 a shekarar 2014. Taya tana iya zama da zanenta cif amma robar ta bushe ta tsattsage.

Delicar da ta biyo bayan taka, L400 ta 1994, ita ce ta zo da Super Select da ake iya tafiya da ƙafa huɗu a kwalta. Kada ka karanta bayaninta ka ɗauka naka ne.

Mai Giris:

Ƙwas ɗin nan, ɗan'uwa, galibi kuros ɗin farfela ne, wato gaɓar da ke lanƙwasawa a bakinta, ya bushe. Amma kafin ka shiga ƙarƙashi ka nemi ƙafafun tokara guda biyu na ƙarfe. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Ja birkin hannu, tokare tayoyi, giya a firi, ka kama farfelar ka murɗa hagu da dama. In kuros yana wasa, canji ne. In bai yi ba, buga masa giris ta ƙananan nonuwan da ke jiki har sabo ya turo tsoho waje.

Tunda kana can ƙasa, wurin mai huɗu ne ke jiranka: giya, akwatin raba ƙarfi, da difrenshal na gaba da na baya. Kullum ka fara kwance notin cikawa kafin na tsiyayewa. In ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancuwa, ka zauna. Ana cikawa har mai ya fara dawowa ta bakin ramin. Mai mai lamba GL-5 na difrenshal ne, giya kuma GL-4, don zoben tagullar da ke cikinta. Man da ya fito kalar madara, ruwa ya shiga.

Tsohon Bakanike:

Na manta babba. Tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin. Tunda babu takarda, ɗauka ba a taɓa canza shi ba. A kilomita 100,000 ake canzawa, kuma shekaru ma suna cin sa ko mota na ajiye. A injin nan bel biyu ne: babba, da wani siriri na sandunan daidaita girgiza. Siririn ne munafukin, in ya tsinke yakan faɗa cikin babban, fistin ya haɗu da bawul, rokoki, ƙarafan da ke danna bawul, su kakkarye. Ana canza su tare, da tenshina masu ɗame bel duka biyu, da famfon ruwa, da sil ɗin mai in suna gumi. Wannan kam kai wa gwani, ka tsaya a kansa kana kallo.

Mai Giris:

Baba, da girmanka, ni ban ga abin da zai hana shi yi da kansa ba nan gaba kaɗan. Alamomi ne a kan kiranshaf da kamshaf da famfon injekta da sandunan nan, a jera su, a juya injin da hannu zagaye biyu, a sake dubawa. Littafin gyaran motar ya zana komai.

Tsohon Bakanike:

Nan gaba, na yarda. Yau kuwa mutumin da bai mallaki sifanar auna ƙarfin ɗauri ba, ba zan tura shi kan notin fulin kiranshaf ba. Notin nan in bai ɗauru yadda littafi ya ce ba, sai ya saki a hanya ya cinye bakin shaf ɗin. Ya fara da baƙin mai da filta, ya koyi yadda ake tsiyaye ruwa daga gindin filtar dizal, da yadda ake danna ɗan famfon da ke kanta har ya yi tauri don fitar da iska. Man birki ma ya canza, yana shan danshi, shekara biyu ya isa. Hannunsa zai faɗa masa lokacin da ya kai.

Sabon Hannu:

Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Na duba. Babu kumfa, murfin mai tsaf. Ruwan dai ja ne wur, fankar kuma da yatsa ɗaya na tura ta ta yi ta zagaye. Kuros ɗin baya yana wasa, na gaba lafiya. Tambayata, tunda ruwan ya yi tsatsa haka, in wanke lagireton a jikin mota ko in ciro shi? Kuma zan iya ci gaba da hawanta kafin kulocin fankar ya iso?

Tsohon Bakanike:

Ciro shi. Akan ciro shi ma ranar da za a yi bel, sai ka haɗa aikin wuri guda. Kai wa masu lagireto su gwada shi, in rabin bututun sun toshe kada ka tsaya lallaɓa shi, sa sabo. Kafin ka kwance komai ɗauki hoto da waya, notunan kowane sashe kuma a gwangwaninsu daban. Lokacin cikawa ka buɗe hita har ƙarshe, ta baya ma in taka tana da ita, don iska tana maƙalewa a dogayen tiyon nan. Hawa kuma, gajeriyar tafiya ba kaya, ba hawan tudu. Allura ta wuce inda ta saba, ka sauka gefe.