Nagios na hana ni barci da saƙonni, amma ranar da intanet ta yanke shiru kake ji

sabon_hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ke kula da netwok ɗin wata makarantar kuɗi, gini uku ne, akwai rauta MikroTik a ofis sai rediyo da ke kai layi sauran gine-ginen, kowane gini da suwic ɗinsa da kyamarori. Na ɗora Nagios Core, manhajar da ke sa ido kan na'urorin netwok, a wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu, yana pingin komai (wato yana taɓa kowace na'ura ya ji ko tana amsawa) yana turo min imel.

Matsalar kashi biyu ce. Da NEPA sun ɗauke wuta kafin maigadi ya tada janareto sai saƙonni su yi ta zubowa, DOWN DOWN DOWN na kowace kyamara da kowane suwic, bayan 'yan mintuna kuma RECOVERY su biyo baya, cikin dare wayar ba ta hutawa har yanzu maiɗakina ta ce ko in kashe ta ko in koma falo da ita. Ta biyun ta fi ban haushi, ranar da layin intanet ɗinmu ya yanke gaba ɗaya ko saƙo ɗaya ban samu ba, sai da oga ya kira ni yana faɗa, da layin ya dawo kuma sai ga imel ɗin duk sun shigo lokaci guda. Don Allah a taimaka.

tsohon_injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa Nagios ɗinka lafiyarsa lau, abin da ka ce ya yi shi yake yi, kawai ba ka gaya masa wa ke bayan wa ba.

Buɗe inda ka rubuta host ɗinka, wato na'urorin da Nagios ke dubawa, ka sa wa kowanne parents, wato na'urar da ake bi ta kanta kafin a isa gare shi. Kyamara uwarta suwic ɗin gininta, suwic uwarsa rediyo, rediyo kuma suwic ɗin da sabar, wato kwamfutar da Nagios ke kai, take jone a kai. Ka lura ana lissafin ne daga inda Nagios yake zaune, wato hanyar da ping ke bi kafin ya isa na'urar, ba yadda ka zana a takarda ba. Idan ka yi haka, rediyo ya mutu shi kaɗai ne DOWN, duk na bayansa UNREACHABLE za su zama. Sai ka je notification_options ka cire u (UNREACHABLE) ka bar d,r (DOWN da RECOVERY). Daga nan saƙo ɗaya za ka samu mai gaya maka ainihin inda abin ya lalace.

Maganar janareto kuma ta SOFT da HARD ce. Nagios ba ya tura saƙo a faɗuwar farko, yana ɗaukarta SOFT ya sake gwadawa duk bayan retry_interval har sai ya cika max_check_attempts sannan ta zama HARD, a nan ne wayarka ke ƙara. Ina zaton naka ƙarami ne sosai. Idan ka sa max_check_attempts 6 da retry_interval 1, kusan minti 5 ke nan kafin ya kira ka, idan maigadinku na tada inji cikin wannan lokacin ba za ka ma san an ɗauke wuta ba. Ka ƙara da lokacin da rediyo ke ɗauka kafin ya tashi ya kama ɗan uwansa, mutane na mantawa da wannan. Akwai kuma first_notification_delay idan kana son allon ya yi ja da wuri amma saƙon ya ɗan jira.

Kafin ka yi wa Nagios ristat kullum ka gudu da wannan don ya duba maka saitin:
/usr/local/nagios/bin/nagios -v /usr/local/nagios/etc/nagios.cfg
harafi ɗaya ka kuskure a sunan parent zai nuna maka layin.

mai_modem ya amsa:

Ta biyun kuwa ai a fili take, ka aiki ɗan aike ya je ya faɗa maka gada ta karye alhali gadar ce kaɗai hanyarsa. Imel ɗin suna nan a layin jira na sabar, shi ya sa suka zubo tare da intanet ta dawo. Telegram ma haka zai yi maka, duk da ina son sa don sauƙin haɗawa.

Nemi modem na USB irin na da, sa masa sim, ka girka gammu-smsd, manhajar da ke tura SMS ta modem. Sai ka rubuta sabon command da ke kiran gammu-smsd-inject TEXT da $CONTACTPAGER$, lambar wayarka kuma ka sa ta a layin pager na contact ɗinka, sunan ya samo asali ne tun zamanin da injiniyoyi ke rataye feja a ƙugu. Wannan ba ruwansa da intanet ɗinku, sabis na waya kawai yake so. Kar ka bi ta kamfanonin bolk SMS, na ɗaya su ma intanet suke buƙata, na biyu idan layinka na kan DND ɗin nan na 2442 mai toshe saƙonnin talla saƙon na iya maƙalewa.

Abu biyu da za su ba ka ciwon kai. Modem ɗin yau ttyUSB0 ne gobe bayan an ɗauke wuta ya koma ttyUSB1, don haka yi amfani da sunansa da ke cikin /dev/serial/by-id. Sannan saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma yunikod ya ragu zuwa 70, to ka gajarta, sunan host da halinsa da lokaci sun isa. Kuma ka riƙa duba kuɗin sim ɗin.

yar_zabbix ta amsa:

Ni da ni ce da na koma Zabbix tuntuni, wata manhaja ce mai aiki irin na Nagios, dependency, wato wa ke bayan wa, a burauza kake dannawa ba ruwanka da fayil. Amma tunda ka riga ka kafa, bar shi.

Abin da ban ji an taɓo ba shi ne ita kanta sabar. Idan tana kan wutar da sauran ke kai to ranar da janareto ya ƙi tashi wa zai gaya maka? Ita da modem da suwic ɗinta su hau inbata ko UPS mai batir na kirki. Ni har cron, mai gudanar da aiki a lokacin da ka saita masa, nake sawa ya turo min SMS ɗaya kowace safiya, ranar da ban gan shi ba na san ita kanta sabar da ke gadin ce ta yi barci.

Kuma kar wani ya ce maka ka sa notification_interval 0 don ka huta, ma'anarsa sau ɗaya zai faɗa ya yi shiru, in kana barci shi ke nan. Sa 30 ko 60, sannan ka yi hostescalation daga saƙo na 3 ya tafi wa mataimakinka. Kyamarori kuma me ya sa za su tashe ka ƙarfe 2 na dare? Ba su notification_period na lokacin aiki, rauta da rediyo kaɗai su zauna a 24x7.

tsohon_injiniya ya amsa:

Hajiya na yarda da komai banda kyamara. A makaranta da daddare ne ma ake buƙatarta. Ya bar ta ƙofar shiga a 24x7 ko da sauran sun jira safiya.

sabon_hannu ya amsa:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Na sa parents na cire u, jiya an ɗauke wuta sau da yawa waya ko motsi. Modem ma na haɗa, idan na buga gammu-smsd-inject da hannuna saƙo na zuwa nan take, amma da na zare wayar rediyo don gwaji allon ya yi ja, SMS bai zo ba. Ina zan duba?

mai_modem ya amsa:

Kai da sudo kake bugawa, shi kuma Nagios da yuza nagios yake gudu. Fara da nagios.log, yana cikin /usr/local/nagios/var, nemi layin HOST NOTIFICATION. Idan babu shi to Nagios bai ma yi yunƙuri ba, ko ba ka ƙara sabon command ɗin a host_notification_commands na contact ba, ko ka mayar da wayar rediyon kafin minti 5 ɗin da Malam ya sa ka saita su cika. Idan layin na nan to izini ne. Gwada sudo -u nagios /usr/bin/gammu-smsd-inject da lambarka ka ga me zai ce, yawanci ko ya kasa karanta /etc/gammu-smsdrc ko ya kasa rubutu a /var/spool/gammu/outbox. Yi ls -l ka ga gurup ɗin da ke da wurin, sa nagios a ciki, ka tabbatar gurup ɗin na da ikon rubutu, sannan ka yi wa Nagios ristat cikakke ba rilod ba, in ba haka ba ba zai ɗauki sabon gurup ɗin ba. A cikin command ɗin ma rubuta cikakkiyar hanya /usr/bin/, kar ka dogara da PATH. Liƙo mana abin da ya fito.