Keke a jirgin ƙasa: kayan hannu ne ko kayan awo?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum. Ni dai a ganina, ranar da jirgin Kaduna zuwa Kano ya fara tsayawa a Zariya, a bar mai keke ya shiga taragon fasinja da abinsa, kada a karɓi ko kwabo. Ku dubi tashar jirgin Rigasa da ke gefen Kaduna. Ka sauka daga jirgin Abuja, sai ka sake laluben aljihu kafin ka ga cikin Kaduna. Mai keke ya huta da wannan.

Tsohon Ɗan Reluwe: Wa alaikumus salam. Ɗana, tun da dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, taragon mutane daban, na kaya daban. Keke kaya ne. A kai shi awo, a ɗaura masa takarda, a ba ka rasit, ka karɓi abinka inda ka sauka. Indiya ma haka suke yi har gobe.

Hajiya ta Sabon Gari: Allah ya ƙara girma, Baba. Mace ta ci ado za ta biki Kano, sarƙar keken wani ta goga mata baƙin mai a leshi, feda ta bugi ƙaurin yaro. Wa zai biya?

Ɗan Samaru: Hajiya, a taragon kaya fa buhunan masara za a jibga masa. Ingila ai yawancin jiragensu kyauta suke ɗaukar keke.

Mai Faci na Tudun Wada: Kyauta, amma a jiragen doguwar tafiya sai ka kama masa wuri tun kafin ranar, kuma wurin ba ya da yawa. Maganar buhu kuwa gaskiya ce, keken da kaya suka danne wurinmu ake kawo shi, taya a murɗe, ga kariya a lanƙwashe. Abin da ya fi burge ni tsarin Holan. Keke na da tikitinsa, yana da kusurwarsa a tarago, kuma a ranakun aiki ba ya shiga daga 6:30 zuwa 9:00 na safe, da 4:00 zuwa 6:30 na yamma. Keke mai naɗewa kuwa, in ka naɗe shi, ya zama jaka, ba ka biya. A Japan sai ka sa shi cikin jakarsa, ko da sai ka cire taya.

Tsohon Ɗan Reluwe: Kun manta abu ɗaya. Zariya tashar tsakiya ce, jirgi ba zama zai yi ba. Keke ɗaya ya gitta a ƙofa, masu sauka da masu hawa sun cushe, direba kuma agogo yake kallo.

Hajiya ta Sabon Gari: In an buɗe wa keke ƙofa, gobe mai babur ne da fetur a tanki. Jibi mai akuya.

Mai Faci na Tudun Wada: Babur ba ya cikin lissafi, Hajiya. Ko keke mai batir da ba ya naɗewa, Landan ta hana shi shiga yawancin jiragenta a 2025 saboda gobara.

Ɗan Samaru: To a ware kusurwa a tarago ɗaya, a kafa ƙugiyoyin ratayewa kusa da ƙofa. Kuɗi ne dai ban yarda ba. Wanda ke tuƙa keke daga Samaru zuwa tasha, kuɗin acaba yake gudu.

Tsohon Ɗan Reluwe: Kusurwar nan kujeru za a cire kafin a same ta, ɗana. Kuɗin kujerun, Hajiya ce za ta biya ko ni?