Shafa wa sandar fatsa man sheƙi: yadda ta kaya wa kowa

Daga Yawuri: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sare gora, na bar ta wata uku a inuwa ta bushe, na ɗaura mata zobba, waɗanda igiyar fatsa ke bi ta cikinsu, da zaren nailan, sannan na shafa mata man sheƙi irin na kafintoci. Da gari ya waye sai na tarar man ya gangaro ya daskare a jikin sandar kamar hawaye, wasu wurare kuma sun yi fari-fari. Abin ya dame ni, don ɗana na yi wa ita. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Daga Tiga: Wa alaikumus salam. Malam, man ya yi kauri, kuma ka ajiye ta wuri ɗaya. Haka ta faru da ni a sandata ta farko. Yanzu kwali nake samu, in yanka masa baki biyu, in kwantar da sandar a kai, ina juya ta duk bayan minti 10 har wajen awa biyu. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Tsakanin kowane shafi ina jira kwana guda, in bi shi da samfefa mai laushi, lamba 400.

Daga Nguru: Farin nan laima ce. Da damina na yi tawa, ta yi hazo kamar an hura wa madubi numfashi. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar. Sai na yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, in rufe ƙofa da taga, in jira ƙurar ta kwanta kafin in buɗe gwangwani.

Daga Argungu: Yarana, akwai abin da ba ku ambata ba. Bayan gora santsi ne da shi, mai ba ya kama shi sai an ɗan goge. Amma a hankali, don ƙarfin gora yana dab da fatar nan. Ka kankare da yawa, ka kashe sandar. Na yi asarar guda haka, tarwaɗa ta ja sau ɗaya ta karye a gaɓa ta biyu, ina ji ina gani. Bayan ka goge kuma kada ka ƙara taɓa ta da hannu. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa man ya tsere ya bar ramuka kamar idon kifi.

Daga Tiga: Gaskiya ne, Baba. Ni a kan ɗaurin zobba kawai nake sa epoksi, wato gam ɗin nan da ake haɗa ruwa iri biyu daidai wa daida. Ka ɗauki mai jinkirin bushewa, don na minti 5 yana kamawa kafin ya baje. In kumfa ta taso, in hura mata iska a hankali da tsinken shan lemo, sai ta fashe.

Daga Nguru: Na taɓa lulluɓe sanda gaba ɗaya da epoksi. Ta yi kyau ƙwarai a makon farko, amma ta yi nauyi a baki, rana kuma ta mayar da ita rawaya.

Daga Yawuri: Allah ya saka da alheri. Na kankare inda ya taru, na sake shafi na farko yau bayan la'asar. Tana kan kwali, yaron ne ke juya ta yana duba agogo.