Masu sana'a, sau nawa kuke biyan haraji a shekara?

Mai Injin Buga Takardu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na buɗe littafin lissafina na ƙirga sau nawa na fitar da kuɗi da sunan haraji a bara. Harajin VAT sau 12, harajin albashin yarana sau 12, kuɗin fanshonsu sau 12, ga harajin riba, ga lasisin wurin sana'a, ga na allon talla, ga na kwashe shara. Da na kai 41 sai na rufe littafin. Jimillar kuɗin ba ita ta fi ci mini rai ba. Kowane biya yana cinye mini yini: cike takarda, layin banki, komawa karɓar rasit. Yinin da ba na kan inji kuwa aiki tsayawa yake yi, yara ba sa taɓa aikin launi sai ina nan. Ku ma haka abin yake a wurinku?

Hajiya Mai Ɗinki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kai lokaci kake kuka, ni jari nake kuka. Ina ɗinka kayan ma'aikata ga kamfanoni, su kuma ba sa biya sai bayan wata biyu ko uku. Amma VAT daga ranar da na rubuta takardar neman biya yake hawa kaina. Wata rana na kai kaya ɗari uku, aka sa hannu, aka ce in jira. Kafin su waiwaye ni wa'adin haraji ya zo sau biyu. Kuɗin da na ware na sayen yadi na ɗauka na biya harajin kuɗin da ko ƙamshinsu ban ji ba. Kekuna shida suka yi kwana goma a rufe da leda, teloli suna zuwa suna gaishe ni suna komawa gida. Wato ni ce na ranta wa gwamnati, ba ruwa, ba godiya. Da duk wata uku ake biya, da kuɗin sun riga harajin isowa.

Ɗan Kwamfuta: Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Ni shafin biya na intanet ne ciwona. Ranar ƙarshe kowa ke rububi, sai shafin ya tsaya cik. Na kwana ina dannawa, ya buɗe da asuba, ga tara tana jirana. Wa'adi 12 a shekara, tarko 12 ke nan.

Malam Akanta: Shekara 15 ina riƙe wa ƙananan kamfanoni lissafi, kuma abin da kuke faɗi har Bankin Duniya ya taɓa auna shi. A rahotonsa na Doing Business, wanda aka daina fitarwa a 2021, ana ƙirga sau nawa kamfani ke biya a shekara da awa nawa yake ɓatawa. Sai dai akwai wata dabara a ƙirgen: idan yawancin kamfanoni ta intanet suke biyan wani haraji, sau ɗaya ake lissafa shi, ko da duk wata ake biya. Ka ga a takarda ƙasa ta samu sauƙi, amma aljihun Hajiya bai san an yi ba. Brazil ma biyanta bai fi goma ba a ƙirgen, amma rahoton 2020 ya ba ta awa 1,501 a shekara.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganin da Brazil ta yi wa ƙananan kamfanoni tun 2007, tsarin Simples Nacional: harajin tarayya da na jiha da na gari a haɗe, takarda ɗaya, biya ɗaya a wata. Indiya kuma, bayan ta kawo GST, harajinta mai kama da VAT, a Yulin 2017, ta ba masu cinikin da bai wuce rupi miliyan 50 ba damar kai bayanai duk wata uku daga Janairun 2021, amma kuɗin dai duk wata ake zubawa. An rage wa Mai Inji wahala, an bar Hajiya da tata. Babban kamfani yana da sashen haraji guda, ko sau 50 ne bai ji ba. Mai ma'aikata huɗu shi ne manaja, shi ne akanta, shi ne ɗan aike.

Alhaji Tsohon Ɗan Kasuwa: Yara, ku yi a hankali da roƙon a tara muku. Ni an taɓa tara mini. Shekara guda ban biya komai ba, kuɗin suka narke cikin kaya da bashi da hidimar iyali, ranar da takarda ta zo sai da na sayar da motar dakon kaya. Da kaɗan-kaɗan aka riƙa karɓa da ban ji ba. Kuɗin haraji in ya kwana a hannun ɗan kasuwa, jari yake zama.

Hajiya Mai Ɗinki: Gaskiyarka Alhaji, amma kai kuɗin sun shigo hannunka ka juya su. Ni ba su shigo ba aka ce in kawo.

Mai Injin Buga Takardu: Baba Alhaji, na yarda a karɓa duk wata, in dai ƙofa ɗaya ce. Yanzu ofis biyar ne, kowanne da ranarsa da takardarsa, wani ma sai ya aiko yaro ya ce rasit ɗin wancan bai shafe shi ba. Malam Akanta, a ƙa'ida akwai hanyar da mutum zai nemi a lissafa masa VAT daga ranar da aka biya shi?

Malam Akanta: Ya danganta da dokar ƙasarku. Wasu ƙasashen suna ba ƙananan 'yan kasuwa wannan zaɓin, amma sai ka nema a rubuce. Hajiya, ki fara duba ranar da kike sa wa takardar neman biya, daga nan wa'adin yake fara gudu.