Za mu ɗauki yarinya riƙo, an ce sai mun yi kwas tukuna

Mai Jiran Rabo: Salam yan uwa. Shekararmu 9 da aure Allah bai kawo haihuwa ba, muna so mu ɗauko yarinya yar shekara 4 daga gidan marayu. An ce sai mun zauna kwas, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta riƙa zuwa gida tana mana tambayoyi, ga takardar likita da ta yan sanda da mutanen da za su tsaya mana shaida. Maigida ya ce shi ba mai koya masa riƙon yaro, ƙannensa shida shi ya raine su. Dan Allah me ake koyarwa, kuma dole ne mu je mu biyu?

Baban Yara: Ki ɗauki jariri kawai, ƙanwarki mai goyo ta shayar da shi kafin ya cika shekara 2, shikenan kin zama muharramarsa.

Mai Jiran Rabo: Malam mace fa na ce, shekara 4.

Ta Ga Jiya: Hmm yar uwa ki fara tambayarsu riƙo ne ko an bar miki ita har abada, ni a nan na ƙone. An faɗa mana a kwas cewa manufar riƙo yaro ya koma wa danginsa in sun gyaru, ina ji ina gyaɗa kai ban ɗauka da gaske ba. Sati biyu na farko yaron nan kamar mala'ika, daga nan fitsarin kwance, ɓoye abinci a ƙarƙashin filo har ya yi tsami, in na ɗaga hannu zan gyara masa riga sai ya kare kansa, wallahi ranar na shiga ɗaki na yi kuka. Shekara uku muna fama sai da ya fara ce min Mama uwarsa ta dawo, kotu ta ba ta abinta. Takalminsa na makaranta na nan bayan ƙofa.

Uwar Biyu: Allah ya ba ki lada Anti. Mu dai kwas ɗin kyauta ne, har alawus ake ba mu duk wata.

Ta Ga Jiya: Wane alawus? Mu da aljihunmu muka biya komai har lauya.

Ɗan Boko: Kowace ƙasa da dokarta. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 20, ta jero riƙo daban, kafala ta Musulunci (ɗaukar nauyin yaro ba tare da an mayar da shi ɗa ba) daban, mayar da yaro ɗa a doka daban.

Uwar Biyu: Kai ka taɓa wanke zanin fitsari ne da za ka karanto mana sashe?

Sarkin Zolaya: A tura maigidan kwas ɗin, in ya faɗi jarabawa ya maimaita aji.

Yar Riƙo: Duk kuna maganar masu riƙo, ni aka riƙa. Wadda ta riƙe ni ba ta rage ni da komai ba, danginta ne matsalar. Sun ɓoye min asalina sai ina shekara 15 wata ta goranta min a tsakiyar faɗa, alhali Suratul Ahzab ta ce a kira yaro da sunan ubansa. Da Baban da ya riƙe ni ya rasu an ce ba ni da gado, na yarda, amma ko wasiyyar da ya bar min wadda ba ta kai sulusi ba sai da suka yi gardama a kai.

Baban Yara: Rubuta ta ya yi ko da baki ya faɗa?

Mai Jiran Rabo: Jama'a har yanzu ba wanda ya ce min ko dole ne maigida ya je fa.