Wane suna za mu sa wa "bukmak" a na'urar sauraron littafi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Gusau muna tattara abubuwan da muke so a ƙara wa 'yar na'urar nan ta aljihu da makafi ke sauraron littattafai da ita: caji da hasken rana, batir mai jure kwanaki, uwa uba ta riƙa magana da Hausa. To in za ta yi Hausa, dole kowane maɓalli ya samu suna. Wanda ya gagare mu shi ne wanda Bature ke kira bukmak.

Bari in faɗi aikinsa tukuna. Tsarin DAISY, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 1996, yana yanka littafin murya babi-babi, shafi-shafi, yadda mai sauraro zai tsallaka inda yake so. Na'urar Victor Reader Stream ta kamfanin HumanWare na Kanada tana da maɓalli na musamman: kana cikin sauraro ka latsa, ta riƙe maka wurin da lamba, har kana iya naɗar muryarka a kai, ka ce "hukuncin gado", gobe ka dawo kai tsaye. Duk wanda ya ga dattijo riƙe da rediyo mai memori, babban yatsa a kan maɓalli, yana gaba yana baya cikin tafsirin awa biyu don neman aya ɗaya, ya san darajar wannan abu.

Wani malami daga Talata Mafara ya ce a kira shi alama. Allah gafarta Malam, alama ta yi faɗi. Na'urar za ta ce alamar batir, alamar caji, alamar babi. Mai ido yana duba allo ya bambance. Mai sauraro kunnensa kaɗai gare shi, kalma ɗaya ba za ta yi masa aiki huɗu ba.

Zango ya burge ni, sai dai ɗalibai sun riga sun san shi da zangon karatu. Matsaya kuma 'yan taro sun tafi da ita.

Wata Hajiya mai koyarwa ta kawo madakata, kuma a nan ne muka gane abu biyu muke haɗawa. Akwai inda ka tsaya jiya da barci ya ɗauke ka, wanda na'urar ke riƙewa da kanta. Wannan madakata ce, ba musu, guda ɗaya ce kuma kullum sauyawa take. Akwai kuma wurin da kai da kanka ka zaɓa don ka komo masa, ko da ba ka dakata ba, ko wuri goma ne a littafi ɗaya. Shi ne muke nema wa suna.

Ni turke na zaɓa. Kai kake kafa shi, yana nan inda ka bar shi, abin da ka ɗaure a jikinsa ba ya tafiya. Gajere ne, ba ya kama da wata kalma a kunne, kuma yana zuwa da aikatau nasa: kafa turke, koma turke na uku, tuge turke. Ku faɗe su da ƙarfi ku ji yadda za su fito daga 'yar lasifika.

An ce bai dace a jingina littafin addini da kayan garke ba. Na ɗauki maganar da nauyi, domin yawancin abin da mutanenmu ke saurare tafsiri ne da hadisi. Amma ni ban ji raini a cikin kalmar turke ba.

Saboda haka abin da za mu rubuta a jerin shi ne madakata ga wanda na'ura ke riƙewa, turke ga wanda mutum ya kafa. Kafin mu rufe, mutanen Argungu da Yawuri da Zuru, don Allah ku karanta wa makafin da ke kusa da ku jimlolin nan uku na turke (kafa turke, koma turke na uku, tuge turke) ba tare da bayani ba, ku tambaye su abin da suka fahimta, ku kawo mana amsarsu yadda suka faɗe ta.