Fitilar LED don shuka alayyafo a ɗaki: mai ja da shuɗi ko fara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Manchesta nake zaune, kuma a Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 ta faɗi. Ina so in shuka alayyafo da yakuwa da attaruhu a ƙaramin ɗakinmu na ajiya, kan tebur mai faɗin mita ɗaya, tagar kuwa ba ta ganin rana. Fitilu biyu na gani: ɗaya mai hasken ja da shuɗi, an rubuta wat 1000, fam 35, ɗaya fara mai faffaɗan allo, wat 100, fam 90. Don Allah wanda ya taɓa amfani da su ya faɗa min wacce zan ɗauka, kuɗin guda ɗaya ne a hannuna.

Ɗan Kura: Wa alaikumus salam Hajiya. Shuka da fitila kuma? Ki fitar da tukwanen tsakar gida su sha rana, ki zuba musu kashin kaji. Haka muke rainon tumatir a Kadawa tun muna yara.

Abu Sadiq: Yaya, kada ki kusanci mai wat 1000 ɗin nan. Irinta na saya a nan Toronto, daga wani mai sayarwa a intanet. Irin attaruhun da mahaifiyata ta ba ni da hannunta daga Funtuwa na shuka, duka na zuba don na yarda da hoton da ke jikin kwali. Suka tsiro lafiya, sannan suka miƙe sirara kamar zare, suka langaɓe. A ƙarƙashin wannan hasken ganye baƙi-baƙi yake bayyana, ba ka gane ya yi rawaya ko ƙwari sun kama shi sai ka fito da shi falo. Da wani abokina ya kawo ƙaramar mitar da ake sakawa a soket, muka tarar wat 110 take ja. Na rubuta wa mai kayan, ya ce ai ma'anarsa ta yi daidai da tsohuwar fitila mai wat 1000. Fankarta ta mutu kafin sanyi ya wuce. Ga mai gidan haya ya ƙwanƙwasa min ƙofa da dare, wai maƙwabta sun ga jan haske a taga suna zargin wiwi nake nomawa. Ni da nake limanci wa yara a masallacin unguwa! Kuɗin bai dame ni kamar irin ba, don tsohuwa ta rasu a shekarar.

Maman Ilham: Allah ya jiƙanta da rahama, Malam.

Bala Direba: Amin. Amma da sun leƙo sun ga attaruhu ne, sai ka gutsura wa mai gidan ɗaya ya tabbatar da bakinsa.

Injiniya Zariya: Allah ya gafarta mata. Hajiya, ga abin da na sani, don na yi rainon latas da barkono da duka biyun. Tsiro yana cin hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700, nanomita kuwa ma'auni ne da ake bambanta launukan haske da shi. Ja na wajen 660 da shuɗi na wajen 450 ya fi sha, shi ya sa aka fara ƙera masu launi biyu. Sai dai koren haske ma ba asara ba ne, shi ke ratsawa ya kai ga ganyen ƙasa. Fara mai kyau tana da duka, kuma idonki zai ga halin da ganyen ke ciki. Kada ki duba lumen, wannan ma'aunin idon mutum ne. Ki nemi adadin da aka rubuta da µmol/J, wato hasken da tsiro ke samu a kan wutar da aka ci. Mai 2.5 zuwa sama tana da kyau. Wanda bai rubuta shi ba, akwai abin da yake ɓoyewa. Na Malam Abu Sadiq ƙarancin haske ne ya sa suka miƙe, ba launin kaɗai ba.

Alhaji Mai Sola: Injiniya, da girmanka, ni nake sayar da kayan nan a Sabon Gari. Mai ja da shuɗi ce ta asali. Latas ɗin da 'yan sama jannati suka ci a tashar sararin samaniya a 2015, ƙarƙashin irin wannan hasken aka noma shi. Naira 18,000 nake bayarwa.

Ummu Hanan: 18,000? Ni 65,000 na sayi tawa a Abuja, kuma ja da shuɗin ce.

Alhaji Mai Sola: Kaya suna suka tara, Hajiya.

Injiniya Zariya: Alhaji, waccan ta sararin samaniya har da koren ƙwai a cikinta, kuma ba a rubuta mata wat na ƙarya ba.

Ɗan Kura: Ku duka ba wanda ya taɓa cika kwando da abin da ya noma. Mai sayarwa yana neman ciniki, mai boko yana karanto lambobi. Alayyafo zafi yake so. Ko fitilar filin ƙwallo aka kunna masa, in ɗakin da sanyi ba zai motsa ba.

Injiniya Zariya: Nan kam ka yi gaskiya, Baba, kuma LED ba ta ɗumama ɗaki sosai. Attaruhu ma sai ƙasar ta yi ɗumi yake tsirowa, kuma yana buƙatar haske fiye da ganye nesa ba kusa ba kafin ya yi 'ya'ya. Yakuwa kuwa sai yini ya gajarta take fure, don haka in ana ba ta awa 16 ganye za ta yi ta yi, abin da ake so a miya ke nan.

Ummu Hanan: Awa 16? A kullum?

Injiniya Zariya: E. Wat 100 sau awa 16, yunit 1.6 ke nan a rana, 48 a wata.

Ummu Hanan: To ku lissafa min. Tun Afrilun 2024 da aka kai yunit na 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ce za su fi kowa samun wuta, naira 225, ko da aka ɗan rage daga baya a wajenmu bai sauko ƙasa da 200 ba. Kusan 10,000 a wata don alayyafon da zan saya a bakin titi da canjin cefane. Shi ya sa tawa take cikin kwali. An ce mana awa 20 za mu riƙa samu, a layinmu in ta kai rabin haka sai mu gode wa Allah, kuɗin kuwa ba ya raguwa.

Bala Direba: Ke da kike da mita ma kin ji daɗi, Hajiya. Mu takarda kawai ake kawo mana da abin da aka ga dama, wata guda taransifomarmu tana ƙone amma bil bai fasa zuwa ba.

Alhaji Mai Sola: Shi ya sa nake ce muku ku koma sola. Amma wat 100 na awa 16 sai da batir mai ƙarfi, ƙaramin nan ba zai kai asuba ba.

Bala Direba: Batir ɗin nawa yanzu, Alhaji? Na bara da ka ce min zai yi shekara uku, tun kafin azumi ya daina riƙe caji.